Mai Rufe Shago Ran Asabar

Sati uku Natanayel yana kafa kyamara a gaban rufaffiyar ƙofa a kasuwar garin Djougou, a ƙasar Benin. Kowace Asabar shagunan layin 'yan goro na cika da masu saye, wannan ɗaya kuwa kwaɗo ne rataye a jikinsa.

Natanayel ɗan cocin Adibantis ne na Parakou, masu kiyaye ranar Asabar. Tun da Papa Sabi, dattijon cocin, mai babban shagon kayan mota a Gare, tashar motar Parakou, ya saya masa kyamara, ya daina amsa sunansa sai an haɗa da "réalisateur", wato mai shirya fim. Ya sha faɗa wa matasa cewa fim ɗin ƙarya aikin Shaiɗan ne, shi gaskiya tsirara zai ɗauka. Ga gaskiyar kuwa ta zo masa har gida: Musulmi, a garin masallatai, yana hutun Asabar a ɓoye.

Ran Litinin ya sami mai shagon. Moutari sunansa, siriri, mai ƙarancin magana, faratansa baƙi ƙirin kamar ba goro yake taɓawa ba.

"Me ya sa ba ka buɗewa ran Asabar?"

Moutari ya sunkuyar da kai. "Ranar ta Maigida ce. Shekara tara ban taɓa saɓa masa ba."

Tsikar jikin Natanayel ta tashi. A fassarar Faransanci da ya sa a ƙasan hoton, ya rubuta Maigida da babban baƙi kamar sunan Ubangiji, ya ɗora masa kiɗa mai taushi. Ya roƙi Moutari ya zo Parakou ranar nuna fim ɗin. Moutari ya ce Asabar ce, ba zai samu ba.

Coci ya cika maƙil da yammacin ranar. Da fuskar Moutari ta bayyana a jikin bango, mata suka fara share hawaye, fasto yana ta "Amin". Papa Sabi, a kujerar gaba, tari ya sarƙe shi, zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Natanayel ya gani, ya ce a ransa Ruhu ne ke aiki.

Ana tsakiyar shaidar janareta ya yi gyatsa ya mutu. Filogi ne ya ƙone. Rana ba ta faɗi ba, Asabar ba ta fita ba, saye haramun ne, amma Natanayel ya tuna ayar da ta halatta ciro jakin da ya faɗa rijiya ran Asabar, ya zame ta baya, ya hau babur zuwa Gare neman filogi. Wani direba ya ce masa ya zaga bayan shagon Papa Sabi, ƙofar can ba ta rufuwa.

Ya zaga. Direbobi sun yi layi har bakin titi. Mutumin da ke bayan kanta ya ɗago, ya goge baƙin mai a hannunsa, ya yi murmushi.

"Réalisateur, sannu da zuwa," in ji Moutari. "Me za a ba ka? Maigida yana coci, ni nake riƙe masa."