Miyar Ganyen Teku

"Laktoferin ɗin jininki ya fi na yawancin matan da muka auna," in ji likitar. "Sinadari ne da jiki ke yi, muna binciken alaƙarsa da ƙiba. Amma sukarinki ne ya dame ni, ya kai bakin ciwo."

Matar ta gyaɗa kai. Uwarta na gefe, rungume da jaka.

Ranar ce matar ta cika shekara arba'in. Tun tana yarinya, duk ranar haihuwarta ƙamshin miyar ganyen teku ne ke tashinta, kamar kowane ɗa a garinsu Busan na ƙasar Koriya. Yau sai ta tarar da tukunya a kife. Ba ta tambaya ba. Uwar da ke sa mata ido a kan kowace lomar shinkafa saboda ƙibarta ai ba sai ta yi bayani ba.

A bencin jiran bas 'yar ta ce, "Umma, hankalinki ya kwanta? Maganarki ta tabbata."

"Rufe mini baki."

Uwar ta zuge jaka, ta fito da kula, ta buɗe. Tururi ya tashi.

"Wa ke ba ɗansa wannan miya da safen jarrabawa, ko da ta asibiti ce? Santsi gare ta, sai mutum ya zame ya faɗi."

"Ga shi ban sha ba, na faɗi."

Tsohuwar ta miƙa mata cokali.

"Da na sani da na ba ki tun safe. Sha, kada ta huce."