Tozo Ba Shi da Ƙashi

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, malaminmu a Makera ya sa mu zana dainoso mai ƙaho uku, wata dabba da ta ƙare tuntuni. Ni shanu na sani, sai na yi masa tozo. 'Yan aji suka yi ta dariya, na dawo gida da kuka, na ce na daina zane.

Baba mahauci ne. Ya goge hannu, ya daɗe yana duban takardar.

"Masu littafin sun gan shi ne?"

"A'a, ƙasusuwansa suka tono."

"To uwata, tozo ba shi da ƙashi. Wa ya ce musu babu? Allah kaɗai Ya sani. Ɗauko fensir, ƙafar bayan nan ce ba ta yi ba."

Allah Ya jiƙan Baba. Har yau ni ke yi wa yarana zane.