Kifin Ƙanƙara a Randa

Tun da ƙanƙarar tekun kudu ta narke, aka raba wa kowane gida kifin ƙanƙara ɗaya mai jini fari a ajiye da rai a firji, don sanyi kaɗai jikinsa ya gada. Na su Lantana ne ya rage a unguwar.

Ranar Talata aka ɗauke wuta. Awa uku Lantana ta yi a layin sayen ƙanƙara, ta dawo da ɗan guntu, ta tarar da firjin wayam.

"Goggo, ina kifin?"

"Na mayar da shi randa. Akwai ruwan da ya fi na randa sanyi ne?"

Lantana ta ja tsaki, ta ɗaga murfin. Kifin na kwance, cikinsa sama.

"Kin gani ko?" in ji tsohuwar. "Har barci ya samu."