Wasiƙar Cikin Durowa

Da sauri ta faɗo shagon kafintan unguwarsu, ta ratsa tsofaffin kujeru da gadajen da mutane ke kawowa a gyara, a raba wa gidajen marasa ƙarfi. Teburin madubinta, wanda yayanta ya bayar jiya ba da saninta ba, yana can lungu, an zare durowarsa. Ta nufi wajen.

Kafintan ya ajiye guduma, ya dube ta, ya kawar da kai.

"Malam, akwai wata takarda a durowar nan," ta ce.

"Akwai. Ƙa'idarmu ce, Malama, kafin mu taɓa kaya sai mun zazzage shi. Abin da muka tsinta mu mayar wa mai shi."

"To, ba ni."

"Ai na mayar wa mai ita. Sunana na gani a bayanta."

Ta sunkuyar da kai. Wata huɗu wasiƙar soyayyar da ta rubuta masa tana ɓoye, ta kasa ba shi, ta kasa yagawa. A waje yayanta, da ke jiran ta a mota, ya danna hon.

"Don Allah ka rufa mini asiri. In Yaya ya ji, na shiga uku."

Ya goge tafukansa a riga.

"Ni ma tsoronsa nake ji," ya ce. "Amma shekara goma ina haɗa wa mutane gida, nawa ba kowa a ciki. Tsaya nan, bari in je in gaishe shi, in nemi izinin zuwa wajenki."