Guntun Jar Roba

Balan-balan ɗin ya fashe daidai lokacin da tsohon ke naɗe tiyon famfonsa na hura iska.

Tun da hantsi yake aiki a falon. Bai cika ko ɗaya tam da iska ba, don kada su fashe in ɗaki ya ɗauki zafi. Ya nisanta su da taga da ƙwan lantarki. Zaren ma gajere ya yanka, wanda ba zai zagaye wuyan yaro ba, ya ɗaure su can sama inda hannun 'yar bikin ba zai kai ba. Yau take cika shekara biyu. A ƙasan jakarsa akwai gogaggiyar riga a ninke, ko da za a ce ya zauna.

Ba a ce ba. Sharaɗin maigidan ɗaya ne: ya gama, ya bi ta ƙofar baya kafin baƙi su iso.

Ya durƙusa ya tsince gutsattsarin jar robar, ya jera su a tafin hannu baki da baki, kamar yadda ya saba. Saura guntu ɗaya.

"Bar shi haka, za a share," in ji maigidan, idonsa a kan ƙofa. "Motoci sun fara tsayawa."

"Guntu ɗaya bai fito ba."

"A kan guntun roba za ka kunyata ni?"

Tsohon ya yi ta rarrafe ƙarƙashin kujeru, gwiwoyinsa na ƙara. Baƙi suka shigo suna kauce masa.

"Tsoho, zinariya ce ta faɗi? A raba da mu!" in ji wani mai tumbi. Aka kwashe da dariya.

Sai ya hango yarinyar bayan labule, ta yi tsit, kumatunta na motsi. Ya san irin wannan shirun. Ya cafke ta, ya kifa fuskarta ƙasa, ya zaro robar daga gefen bakinta da ɗan yatsa. Ta tsandara ihu. Uwarta ta fizge ta tana goge mata baki.

"Wane ne wannan da zai sa wa 'yar mutane hannu a baki?" in ji wata baƙuwa.

Tsohon ya ɗago kai, yana jira.

Maigidan ya gyara wuyan rigarsa. "Mai balan-balan ne. Ya gama, tafiya zai yi."

Ba wanda ya dubi abin da ke hannunsa. Ya ajiye jiƙaƙƙen guntun a gurbinsa, robar ta cika. Ya zuba su a aljihu, ya ɗauki jaka da rigar da ba ta ga biki ba, ya bi ta ƙofar baya.

A waje ya tsaya yana kallon ɗan yatsan nan. Da shi ya taɓa zaro irin wannan guntu daga bakin maigidan, ɗan cikinsa, lokacin da yake ɗan shekara biyu, yana kiransa Baba a gaban kowa.