Nauyin Alhaji Jumare

"Karanta mini abin da kwamfutar nan ta ce," in ji Alhaji Jumare, yana saukowa daga kan sikeli.

Gumi ya karyo wa Abdulbaƙi. Shi ya tsara wa ƙaramin asibitin unguwarsu a Agege manhajar rajistar marasa lafiya. A gurbin nauyi ya sa iyaka, daga kilo ɗaya zuwa ɗari da hamsin, don kada nas ta danna lambar banza. Saƙon da ke fitowa in an wuce iyakar kuwa, da wasa ya rubuta shi, ya manta bai goge ba.

Ga shi yau ranar buɗewa, har da sabon kansila. Alhaji, dillalin shanun da ya sayo kwamfutar, shi aka fara aunawa: ɗari da hamsin da takwas.

"Oga, wuta ce ta ɗan yi ƙasa..."

"Na ce karanta!"

Abdulbaƙi ya dubi fuskar kwamfutar. "Ta ce, wannan ba mutum ba ne, sa ne."

Alhaji ya tura hula ƙeya, idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Abdulbaƙi ya fara yi wa aikinsa bankwana a zuci.

"Amma yaron nan ka ci mutuncina! Tun kafin a haife ka nake harkar shanu a kara, a ce kwamfutar da na saya ba ta san sa ba? Wane sa ne kilo ɗari da hamsin da takwas? Maza gyara, ka rubuta maraƙi!"