Tayar da Ta Fi Nauyi

Tunda na ga kana ta ɗaga tayoyi kana jinjinawa kafin ka saya, zauna in ba ka misali. An yi wani dattijon direba da ke jan motar wani mai fataucin tumatir, shekara ashirin yana kai kaya kasuwar birni. Wata rana maigidan ya aike shi ya sayo tayoyi na hannu guda huɗu. A kasuwar nan kuwa kowa da hannu yake awo: a ɗaga taya, in ta yi nauyi a ce mai ƙwari ce. Dattijon bai ɗaga ko ɗaya ba. Durƙusawa ya yi ya duba zanen kowace, ya karanta lambar gefe mai nuna shekarar da aka yi ta da nauyin kayan da za ta iya ɗauka, sannan ya zura hannu ciki yana shafawa kamar mai lalube a tukunya. Da ya kawo su, maigida ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ransa ya ɓaci. Ya ce faifai aka sayo masa, tsufa ya fara taɓa mutumin nan. Nan take ya je da kansa ya zaɓo wasu huɗu masu nauyin tsiya, ya sa wa ɗaya motarsa, wadda ƙanin matarsa ke ja. Maganar ta yi wa dattijon zafi ƙwarai, don bai taɓa jin an raina saninsa haka ba. Ya ce, "Ka bar ni in sa waɗanda na sayo a motar da nake ja, zuwa ranar kasuwa. In ɗaya ta ba ni kunya, ka karɓi makullinka."

Ranar kasuwa aka yi wa motocin biyu lodi iri ɗaya, maigida ya shige ta ƙanin matarsa, suka wuce dattijon suna masa hon. Shi dai tafiyarsa yake yi, yana lallaɓa motar duk ramin da ya shiga, don in makullin nan ya tafi, ba mai ɗaukar tsoho aiki. Rana ta take, kwalta ta ɗauki zafi. Yana shan wata kwana sai ga su a gefen hanya, tayar baya ta yi kaca-kaca, maigida na zagaya kwandunan tumatir yana salati. Dattijon ya tsaya, ya ɗauko guntun tayar ya juya cikinta, ya miƙa wa maigida. Faci ne kan faci, har hawa uku, tsohuwar roba an lilliƙa ta. Ashe nauyin da aka yi ta yabo ke nan. Ya kwashi maigida suka kai kayan farko, ya dawo ya ɗebi na biyu, duka suka isa kasuwa kafin tumatir ya narke. Da yamma, a gaban direbobin tasha, maigida ya kama hannunsa ya ɗaga sama, ya ce daga yau ba a sayen taya a gidansa sai wannan hannu ya shiga cikinta. Dattijon ya koma gida yana dariya shi kaɗai, makulli na kaɗawa a aljihunsa.

To ka ji. Nauyi yana da nasa wuri, amma tambayi abin da ya kawo nauyin tukuna. Hausawa sun gama magana da suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai.